Zafin Da Ya Tsere Daga Tukunyar Ƙarfe, Mai Kura Ne Ke Biyansa

Duk wanda ya yi sammako a Agege ko Ojota ko Mil 12 a Ikko, ko unguwar Sabo a Badun, ko Anacha da Fatakwal, zai tarar samarin Arewa sun riga kowa fita, suna tura kura lungu-lungu suna cigiyar tsohon ƙarfe. A wani wuri a kira su 'yan gwangwan, a wani wuri 'yan jari-bola, a Gabas kuwa kiran da suke yi na "ayan kwandem" shi ya zame musu suna. Abin da suka tara yakan hau sikelin dillali, daga nan ya shiga tirela ya nufi ma'aikatun narka ƙarfe da ke Ikorodu da Ogijo da Ota da Shagamu, inda zai koma rodi a yi gini da shi.

Kukan da ake ji a bakinsu kullum iri ɗaya ne, watau kilo ba ya daraja, kuma in an kai kaya ƙofar kamfani sai a zabtare wani abu daga nauyin a ce na datti ne. Ba shakka kukan nan yana kan hanya. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa can cikin tukunyar narka ƙarfen ake yanka farashin, bakin ƙofa sanarwa kurum ake yi. Bayan kuɗin sayen ƙarfen kansa, babu abin da ke cin kuɗin mai kamfani kamar wuta. In tukunyarsa tana zubar da zafi, ba zai cire asarar daga ribarsa ba. Zai gangaro da ita kan dillali, dillali ya gangaro da ita kan mai kura, shi kuwa mai kura ba shi da wanda zai ɗora wa.

Saboda haka batun yadda zafi ke shiga tukunyar ƙarfe da yadda yake tserewa, ko da yake ya yi kama da zancen injiniyoyi, zance ne na tuwon dubban 'yan Arewa mazauna Kudu. Akwai laifin masu kamfani a ciki, akwai na gwamnati, akwai kuma na masu tara ƙarfen su kansu. Ya kamata a faɗa wa kowa nasa.

YADDA TUKUNYAR KE AIKI

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda ya riga ya ga asirin abin. In mai walda ya kusanto da sandarsa jikin ƙarfe, lantarki yakan tsallaka ɗan ratar da ke tsakaninsu, ya zama wani farin tartsatsi mai kashe ido, wanda ke narka ƙarfen nan take. To, tukunyar lantarki mai tartsatsi walda ce ƙatuwa. Wani Bafaranshe mai suna Paul Héroult shi ya fitar da irin wadda ake amfani da ita, wajen shekara ta 1900.

Tukunyar kamar wani makeken kasko ne na ƙarfe, an shimfiɗe cikinsa da tubali mai jure wuta, yana da murfi. Akan janye murfin, ƙugiya ta ɗauko kwandon tsohon ƙarfe ta juye a ciki, a mayar da murfin. Sai a sauko da sanduna uku ta waɗansu kafofi da ke jikinsa. Da girafayit ake yin sandunan, watau irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, amma kaurin kowace ya kai na gangar jikin mutum. Da an ba da wuta sai tartsatsi ya tashi tsakanin bakin sandunan da ƙarfen. Zafin tartsatsin ya wuce digiri 3,000, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ƙarfe yakan narke wajen digiri 1,500, kuma akan bari ya kai 1,600 ko sama kaɗan kafin a karkata tukunyar a tsiyaye shi.

Ta hanya uku zafi ke tafiya, kuma kowace uwargida ta san su a madafa. Akwai zafin da ke bin jikin abu, kamar yadda cokalin da aka bari cikin miya yakan ƙona hannu. Akwai wanda iska da hayaƙi ke ɗauka su yi sama da shi. Akwai kuma wanda wuta ke fesowa kai tsaye, wanda mai jin ɗumi yakan ji a fuskarsa ko da bai taɓa wutar ba. A tukunyar ƙarfe wannan na ukun shi ne babba, domin a lissafin masana kimiyya, in zafin abu ya ninka biyu, abin da yake fesowa yakan ninka har sau 16. Tartsatsin kuwa bai san ƙarfe ba, bai san bango ba. Duk abin da ya fuskance shi, shi zai gasa.

INA ZAFIN KE ZUWA?

Mai karatu ya san yunit, watau abin da mitar lantarki ke ƙirgawa a gida ko a shago. A lissafi, in da babu asara ko kaɗan, wajen yunit 300 ya isa ya narka tan ɗaya na tsohon ƙarfe, watau kilo 1,000. Amma in aka haɗa lantarkin da ake ba tukunya da zafin da gas da gawayi ke ƙara mata, abin da ke shiga yakan kusan ninka wannan, wani lokaci ya wuce.

In aka bi sawun zafin a tukunya mai kyau, sai a ga sama da rabi kaɗan ne ke fita tare da narkakken ƙarfe. Kusan kashi ɗaya cikin biyar yana bin hayaƙi ya fita ta bututu. Kusan ɗaya cikin goma yana tafiya da dattin da ke tasowa bisa narkakken ƙarfen, wanda maƙera ke kira kashin ƙarfe. Ragowar kuma ruwan sanyaya bango ke kwashewa, domin bangon tukunyar da murfinta cike suke da bututan ruwa mai gudu, in ba haka ba su ma narkewa za su yi. Wannan fa a tukunya mai kyau ke nan. A wadda ba a kula da ita, abin da ke tserewa yakan fi abin da ke tsayawa.

Akwai kuma asarar lokaci, wadda ba ta cika bayyana ba. Tukunya mai zafi ba ta daina zubar da zafi don an kashe wuta. Kowane minti da ta yi tana jiran ƙugiya, ko jiran sakamakon awo, ko jiran a dawo da lantarki, sanyi take yi, kuma sai an sake biyan kuɗin zafin da ya tafi. Haka nan duk lokacin da aka janye murfi don a ƙara kwando, zafi yakan yi sama kamar an buɗe tukunyar dambu. Tukunyar da ta cika da kwando biyu ta fi wadda sai an zuba mata huɗu arhar wuta, ko da nauyin ƙarfen ɗaya ne.

To, a mayar da wannan kuɗi. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ɗaga yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu layin da aka ce zai riƙa samun wuta awa 20 a rana. Bisa wannan farashi, kamfanin da ke ɓarnar yunit 100 a kowane tan yana zubar da Naira 22,500, watau Naira 22 da sule biyar a kan kowane kilo. In yana narka tan 500 a rana, ya zubar da sama da Naira miliyan 11 kafin gari ya waye. Mai kura ya duba abin da ake biyansa a kilo, ya ga ko Naira 22 abin rainawa ce.

ABIN DA WAɗANSU SUKA YI

A shekarun 1960 tukunyar lantarki takan ci sama da yunit 600 a kowane tan, ta kuma ɗauki wajen awa uku daga zubi zuwa zubi. Yau tukwane na zamani suna cin ƙasa da yunit 400, suna kuma gama zubi cikin ƙasa da awa ɗaya. Sandunan girafayit, masu tsadar gaske, da a da akan ƙone wajen kilo shida a kowane tan, yanzu ba a ƙone kilo biyu. Ba wani sihiri aka yi ba. Bin kafofin da zafi ke fita aka yi ɗaya bayan ɗaya ana toshewa.

Ta farko ita ce lulluɓe tartsatsin. Muddin tulin ƙarfe bai narke ba, shi ke kewaye da tartsatsin yana shan zafinsa. Da ya narke ya kwanta, sai tartsatsin ya zauna a fili yana gasa bango da murfi. Sai injiniyoyi suka gano cewa in aka hura garin gawayi da iskar oksijin cikin kashin ƙarfen da ke sama, yakan yi kumfa ya taso kamar nonon da ya tafasa, ya binne tartsatsin. Da haka zafin ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfen. Maƙerin gargajiya ma haka yake yi in ya tura gawayi ya rufe bakin wutarsa kafin yaro ya kama zuga.

Ta biyu ita ce ƙone hayaƙin kafin ya fita. In gawayi ya ci rabin ci, yakan ba da iskar nan mai guba, irin wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da janareto ko kaskon wuta a ɗaki rufe. A wannan mataki gawayin bai ba da ko sulusin zafinsa ba, sauran yana cikin iskar. In aka ƙara mata oksijin ta ƙone a cikin tukunyar, zafin ya zama riba. In ta fita haka nan, an sayi gawayi an ba sararin samaniya.

Ta uku ita ce ɗumama tsohon ƙarfen da hayaƙin tukunyar kanta kafin ya shiga. Akwai tsarin da ake kira Consteel, wanda aka fara aiki da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, inda ƙarfen ke tafiya a hankali cikin wani dogon rami rufaffe, hayaƙi mai zafi yana bi ta kansa, har ya faɗa tukunyar ta gefe ba tare da an janye murfi ba. Jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan. Har ila yau akwai barin sauran narkakken ƙarfe a gindin tukunya bayan an tsiyaye, don sabon zubi ya faɗa cikin zafi, da kuma sa bututan wutar gas a kusurwoyin da tartsatsi ba ya kaiwa.

Da waɗannan dabaru tukunyar lantarki ta yi ƙarfi a duniya. A 2023 an yi ƙarfe wajen tan miliyan 1,890 a duniya duka, kuma kusan kashi uku cikin goma daga tukwanen lantarki ya fito. A Amurka da Turkiyya wajen bakwai cikin goma ne. Turkiyya ta fi kowace ƙasa sayen tsohon ƙarfe daga waje, abin da ake yi wa kallon bola a titunan Ikko. Masar ta yi sama da tan miliyan 10 a wannan shekara, kusan duka ta hanyar lantarki. Dalili kuwa shi ne narka tsohon ƙarfe ba ya cin ko rabin makamashin da ake ci in za a fitar da sabo daga tama da gawayin kwal.

DARASIN ALADJA

Nijeriya ba baƙuwar wannan tukunya ba ce. A watan Janairu na 1982 Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya buɗe ma'aikatar ƙarfe ta Delta da ke Aladja kusa da Warri, wadda kamfanonin Jamus da Ostiriya suka gina. An sa mata tukwanen lantarki huɗu, kowace mai ɗaukar tan 110, da nufin ta riƙa ba da tan miliyan ɗaya a shekara. Daga can za a riƙa kai sandunan ƙarfe ma'aikatun mulmula ƙarafa na Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka shirya kowace za ta fitar da tan 210,000 a shekara. Watau abincin ma'aikatan Katsina da Jos a tukunyar Aladja ake dafa shi.

Tsarin Aladja shi ne a yi amfani da iskar gas a raba tama da tsatsarta ba tare da an narka ta ba, sai ta zama waɗansu ƙwallaye masu kama da soso, sa'an nan a narka su a tukunyar lantarki. Irin wannan ƙarfe ya fi tsohon ƙarfe cin wuta, domin yana ɗauke da sauran ƙasa da tsatsa. Shi ya sa ma'aikatun zamani suke zuba shi cikin tukunya tun da zafinsa, domin kowane digiri 100 da ya shigo da shi yana rage wajen yunit 20 a tan. Bahaushe ya riga ya ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Aladja ba ta taɓa kusantar tan miliyan ɗin da aka gina ta dominsa ba. Tama sai an sayo daga ƙasashen waje irin su Laberiya da Barazil da kuɗin musaya da suka yi wuya, domin ta Itakpe sai an tace ta sosai kafin ta yi. Hanyar jirgin ƙasa daga Itakpe zuwa Warri, da aka fara a 1987, sai a 2020 aka buɗe ta. Kuɗin gudanar da aiki da kayan gyara ba sa zuwa a kan kari. Tukunyar da aka yi don ta riƙa zubi bayan zubi dare da rana, ta koma yau a kunna gobe a kashe, kuma babu abin da ke cin wuta kamar ɗumama tukunyar da ta huce. Kafin ƙarshen shekarun 1990 aiki ya tsaya, a 2005 aka sayar da ita, tun daga nan take ta sauya hannu. Da tukunyar ta mutu, injunan Katsina da Jos da Oshogbo suka rasa abin mulmulawa.

Darasin a fili yake. Sayen tukunya mai kyau abu ne mai sauƙi ga ƙasa mai kuɗin mai. Riƙe ta da zafi kullum shi ne aikin.

TUKWANEN DA KE CI YANZU

Adalci ne a bayyana cewa da yawa daga ma'aikatun da ke sayen kayan 'yan gwangwan a yau ba tukunya mai tartsatsi suke da ita ba. Tasu wata iri ce mai aiki da ƙarfin maganaɗisu. An naɗe ta da bututun jan ƙarfe, in lantarki ya bi ta cikinsa sai zafi ya taso daga cikin jikin ƙarfen da aka zuba. Tana da arhar kafawa, ba ta bukatar sandunan girafayit, kuma ba ta girgiza layin lantarki kamar mai tartsatsi. Amma narkawa kurum ta iya, ba ta iya wanke ƙarfe. Farar wuta da sauran gurɓatattun abubuwa da suka shiga, da su rodin zai fita. Saboda irin wannan ne ƙasar Sin ta rufe tukwanen maganaɗisu masu yin rodin gini a 2017.

Ma'anar wannan ita ce tsabtar kayan da ake kai wa tukwanen ƙasar nan ta fi muhimmanci a kan ta waɗansu ƙasashe. Rodin da aka yi da gurɓataccen ƙarfe yana iya zama cikin dakalin benen da ɗan'uwan mai kuran ke yi wa gadi.

GYARA KAYANKA

A nan ne maganar ta zo kan 'yan'uwa masu sana'ar, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowa ya san abin da waɗansu ke yi don kaya su yi nauyi. A dura yashi cikin bututu a daddale bakinsa, a cusa laka ko siminti cikin tsohon tanki, a yayyafa wa tulin gwangwani ruwa kafin mota ta hau sikeli. Mai yin haka yana ganin ya ci riba. To, ga abin da ke faruwa bayan motar ta shige.

Ruwa sai ya ƙafe kafin ƙarfe ya narke, kuma ƙafar da kilo goma na ruwa yana cin yunit bakwai ko fiye. Wannan ƙarami ne a kan haɗarin. In ruwa ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe yakan zama tururi farat ɗaya, ya yi bindiga ya watsa wuta kan duk wanda ke kusa. Haka tukunyar gas, da ta kashe gobara, da shokozoba, da kwamfaresar firji, duk wani abu rufaffe da ba a huda ba, bom ne a cikin tukunya. Lebura mai tsayuwa a bakinta kuwa sau da yawa talaka ne baƙo, mai aika wa gida ɗan abin da ya samu, kamar dai mai kuran.

Yashi ba ya zama ƙarfe. A tukunya mai tartsatsi, kowane kilo na yashi yana bukatar wajen kilo biyu na ƙonannen farin dutse, irin dutsen da ake siminti da shi, kafin ya narke ya taso sama. Watau kilo 30 na yashi ya zama kilo 90 na kashin ƙarfe, kuma narka wannan zai ci wajen yunit 50. Mai kamfani ya sayi yashi da kuɗin ƙarfe, ya sayi dutse, ya sayi wuta, sa'an nan ya biya motar kwashe dattin. Jar waya kuma, in ta narke cikin ƙarfe babu tukunyar da ke iya fid da ita, kuma takan sa rodi ya tsage wajen mulmulawa. Abin mamaki, ita jar wayar in an ware ta, kilonta ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. Mai barinta cikin kaya ya cuci kansa ya cuci mai saye.

Mai kura zai ce, ai sikelin dillali ma ba shi da gaskiya, kuma ko an kai kaya tsab sai an zabtare, to don me ba zai rama ba? Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce gindin ciwon. Kamfani ya ɗauka kowace mota akwai yashi, sai ya yi wa kowa yanka ɗaya. Mai gaskiya ya ga gaskiyarsa ba ta ƙara masa kwabo ba, sai shi ma ya nemi yashi. Kamfani ya ga datti ya ƙaru, ya ƙara yanka. A ƙarshe wutar da aka ɓata wajen narka ƙasa ba ta shiga aljihun kowa ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, kowa ya ci tuwon haka.

Ba za a rufe wannan babi ba sai an ambaci masu cire murfin kwalbati da ƙarfen gada da na hanyar jirgi. Su ne suka jawo wa sana'ar baƙin jini, har gwamnatin Jihar Barno ta hana ta a 2023. Dillalin da ya sayi irin wannan kaya yana saran reshen da dubban mutane ke zaune a kai.

ABIN DA YA KAMATA

Masu kamfani su daina yi wa kowa kuɗin goro. A ƙasashen da sana'ar ta zauna, tsohon ƙarfe hawa-hawa ne, kowane da farashinsa, mai kauri daban, gwangwani da kwanon rufi daban, zubi daban. Ya kamata a kafa allo a ƙofar kowace ma'aikata mai nuna farashin kowane hawa, a duba kaya a gaban mai su, a yanke wa mai datti, a ƙara wa mai tsabta. Kamfanin da ya ƙara Naira biyar a kilo don ya sami busasshen ƙarfe mai nauyi zai ga ya mayar da ita a takardar lantarki. Su kuma sa mita a kan kowace tukunya, su san yunit nawa kowane zubi ya ci, domin wanda bai auna ba bai san abin da ya zube ba. Hayaƙin da mazauna kewayen ma'aikatun nan suka daɗe suna kuka da shi, zafi ne da aka biya kuɗinsa yake fita, ya koma ciwon ƙirji ga makwabta. Kama shi da tace shi riba biyu ce.

Gwamnati kuma ta sani cewa tukunyar ƙarfe ba ta jure wutar ɗauke-kawo. Babbar tukunya ɗaya ta zamani tana iya jan megawat 80 zuwa 100, alhali abin da layin ƙasa ke rabawa duka yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, kuma a 2024 layin ya faɗi gaba ɗaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Jihohin Ikko da Ogun, inda ma'aikatun suka taru, su yi amfani da wannan dama a haɗa su da tashar gas ta kansu. Hukumar kula da ingancin kaya ta matsa wajen awon rodi, masu duba ma'auni kuma su leƙa sikelin dillalai da na kamfanoni.

Wani zai ce duk wannan ƙaramin zance ne, a tayar da Ajakuta kawai a huta. Ajakuta dai tun 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta, har yau babban tanderunta bai narka tama ba. Gaskiya ne tsohon ƙarfe kaɗai ba zai ishi ƙasa mai gine-gine kamar wannan ba, dole wata rana a koma ga tama. Amma ƙasar da ta fi kowa gas a Afirka, hanyar da ta fi kusa da ita ita ce ta Aladja, watau gas da tukunyar lantarki. Wanda bai iya riƙe zafin tukunyar tan 20 ba, ba a ga yadda zai riƙe na tan 110 ba.

Su kuwa shugabannin sana'ar, da sarakunan Hausawa na zango-zango, su tara mutanensu a yi ƙungiya mai rajista da katin shaida. A yi doka a tsakani, babu yashi, babu ruwa, babu abu rufaffe sai an huda, babu kayan gwamnati. A nemi rumfa ko tamfol don damina, a haɗa kuɗi a sayi injin matse gwangwani, domin matsattsen kaya ya fi cika kwando, ya fi kuma saukin kuɗin mota. Mayen ƙarfen da yaro ke ɗaure a sanda yana tsintar ƙusa, shi ne kuma zai nuna masa abin da ba baƙin ƙarfe ba, ya ware shi ya sayar da tsada. Ƙungiyar da ta yi suna da kaya mai tsabta ita ke da bakin zama da mai kamfani a yi ciniki, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Yaron da ke tura kura cikin rana a Ojota ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, ko da ba shi da hular kwano. Shi ne mahaƙin tamar ƙasar nan a yau. In ya kai kaya mai kyau, ya cancanci farashi mai kyau da sikeli mai gaskiya. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.